Taswira Falle-Falle: Wasan Da Ke Shimfiɗa Wudil A Kan Tabarma

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san dara. A tona gurabe 30 a ƙasa, layi biyar gida shida-shida, kowa ya riƙe 'ya'yansa 12, wannan da tsakuwa wancan da tsinke, a yi ta jera uku ana cinye na abokin karawa. Haka kuma kowa ya san tatsuniya, inda kaka ko yaya ke jan mu da baki zuwa gidan Gizo da Ƙoƙi ba tare da mun motsa daga kan tabarma ba. Dara tana da fili amma babu labari a cikinta, ita kuwa tatsuniya tana da labari amma babu filin da ido zai gani.

Akwai wani wasa da ya haɗa biyun, kuma shi muke so mu gabatar wa ƙannenmu na sakandare a wannan makon. Mu 'yan ɗalibai ne a Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote da ke Wudil, mukan taru mu biyar ko shida a ƙarshen mako mu yi shi. Kayan aikinmu mafi muhimmanci ba ya wuce kwalin da masu shago ke jefarwa, wanda muke yankawa falle-falle, mu zana wa kowane falle wani yanki na taswira.

Wane irin wasa ne?

Wasan kwaikwayo ne da ake yi a zaune, babu dandamali, babu 'yan kallo. Mutum ɗaya shi ne mai jan labari. Shi ke faɗin inda ake, da wanda aka haɗu da shi, da matsalar da ta taso. Sauran kuwa kowa ya ɗauki rawar mutum ɗaya a cikin labarin: wannan ɗan masunci ne, waccan mai tallan fura ce, wancan yaron dillali ne. Mai jan labari ba ya gaya maka abin da za ka yi, kai ne za ka zaɓa. Idan abin da ka zaɓa yana iya yiwuwa yana kuma iya ƙin yiwuwa, kamar tsallake rafi ko shawo kan mai taurin kai, sai a jefa ɗan ludo mai fuska shida, lambar da ta fito ta raba gardama.

Ba a cin juna a wannan wasa. Duk 'yan wasan ɓangare ɗaya suke, ko su warware matsalar tare ko ta gagare su tare. Shi ma mai jan labari ba abokin gaba ba ne, aikinsa ya riƙe adalci ya kuma sa labarin ya yi daɗi.

Inda abin ya samo asali

Shimfiɗa ƙasa falle-falle a kan tebur ya haura shekara 200. A 1812 wani mutumin tsohuwar masarautar Prussia ta Jamusawa mai suna Reisswitz ya kai wa sarkinsu wani tebur na koyon dabarun yaƙi. Saman teburin ƙananan fale-fale ne masu kusurwa huɗu, wani da kogi, wani da hanya, wani da tudu ko ƙauye, ana sauya musu wuri a sami sabon filin daga. A 1824 ɗansa, wanda hafsan soja ne, ya gyara wasan, rundunar ƙasar ta karɓe shi don horar da hafsoshinta. A tsarinsa akwai alƙali a tsakani, wanda shi kaɗai ya san inda kowace runduna take, kuma ba ya ɗora abokan gaba a kan taswira sai idan an kai inda za a iya hango su.

Daga zuriyar irin waɗannan wasanni ne Gary Gygax da Dave Arneson suka fito da Dungeons & Dragons a Amurka a 1974. Su suka sauya abin daga jan runduna zuwa riƙe mutum ɗaya, alƙalin nan kuma ya zama mai jan labari. A yau masu yin wasan sukan yi amfani da taswira mai gida-gida, inda kowane gida mai faɗin inci ɗaya yake wakiltar ƙafa biyar, wato kimanin mita ɗaya da rabi. Wasu wasannin tebur na Jamus ma a kan fallaye aka gina su. Catan da ya fito a 1995 yana da fallayen ƙasa 19 masu kusurwa shida, Carcassonne na shekarar 2000 kuwa yana da 72 masu kusurwa huɗu, waɗanda 'yan wasa ke jerawa ɗaya bayan ɗaya har birni da hanyoyinsa su bayyana.

A can kamfanoni ke buga fallayen su sayar, da zanen kogon dodanni da fadojin sarakunansu. Mu a nan muna da kogi, da gada, da kara, da fadama, kuma babu kamfanin da ya san su kamar yadda muka san su.

Me ya sa falle-falle?

Za a iya tambaya, me zai hana a zana taswira guda babba a huta? Dalili na farko shi ne, babbar taswira tana tona asirin labari tun ba a fara ba. Idan ka shimfiɗa ta gaba ɗaya, kowa ya ga inda ɓarawo ya ɓuya da hanyar da ta fi kusa. Fallaye kuwa suna hannun mai jan labari a kife. Sai 'yan wasa sun kai bakin fallen da suke kai, sun ce gabas za su yi ko kudu, sannan ya ajiye na gaba. Abin da ba ku taka ba, ba ku gan shi ba, kamar dai baƙon da ya sauka a tasha yau.

Dalili na biyu ya shafi zaman lafiyar wasan. Idan da baki kawai ake yi, ba a daɗewa sai musu ya kaure: wannan ya ce ai shi yana bayan rumfa kura ba ta gan shi ba, wancan ya ce ƙarya ne, a fili yake. Wanda ya fi baki shi ke rinjaye, mai kunya kuma ya yi shiru har ya gaji ya tashi. Da zarar an ajiye falle, kowa ya ɗora marfin kwalbarsa a gidan da yake tsaye, musun ya ƙare. Gani ya kori ji. Mun lura cewa waɗanda ba su cika magana ba sun fi sakin jiki idan akwai falle a gabansu, domin ko da yatsa suna iya nuna inda za su.

Sai kuma sauƙi. Falle guda yana da fuskoki huɗu da za a iya juya shi. Kwanar hanyar da ta yi dama yau, gobe idan aka juya ta hagu za ta yi. Fallaye 12 sun isa a yi makonni ana wasa ba a maimaita gari ɗaya ba, kuma dukkansu suna shiga jakar makaranta.

Yadda ake haɗa su

Abin da ake buƙata shi ne kwali, da rula, da almakashi, da fensir, da maka ko biro mai launi, da gam, da farar takarda. A yanka kwalin murabba'i, santimita 15 kowane gefe, a manna masa takarda. A ja layuka a raba shi gida shida a tsaye, shida a kwance, kowane gida santimita biyu da rabi. Falle ɗaya ke nan yana da gidaje 36. Idan gida ɗaya mita ɗaya da rabi ne, faɗin fallen mita tara ke nan, wanda ya isa a zana tsakar gida da zaurensa, ko layin rumfuna biyu a kasuwa.

Akwai doka guda da idan aka karya ta aikin ya ɓaci: duk hanyar da za ta fita daga falle, ta fita ta tsakiyar gefensa, kuma faɗinta ya zama ɗaya a kowane falle. Mu gida biyu muke ba hanya, gida huɗu muke ba kogi. Ta haka duk fallen da ka ɗauko zai haɗu da ɗan'uwansa baki da baki, yadda mai ɗora tayil ke daidaita zanen ɗaki.

Ga abin da muke ba da shawarar a fara da shi: hanya miƙaƙƙiya guda biyu, kwana guda biyu, mararraba guda ɗaya, kogi guda biyu, mashaya ko gada guda ɗaya, gona guda ɗaya, rumfunan kasuwa guda biyu, gida da zaure guda ɗaya. Abubuwan da ke motsi, irin su kwalekwale, amalanke ko saniya, kada a zana su a jikin falle. A yanka musu ƙananan kwalaye daban da za a riƙa turawa. 'Yan wasa kuwa marfin kwalbar lemo ya ishe su, kowa da launinsa. A bayan kowane falle a rubuta lamba, domin mai jan labari ya iya tsara jerinsu a littafinsa tun kafin a zauna. Wanda ya samu salatif mai faɗi ya rufe fuskar fallen da shi, zai daɗe bai yi datti ba.

Idan labarin na doguwar tafiya ne, sai a sauya ma'auni: falle ɗaya ya zama kilomita biyar, misali. Daga Wudil zuwa Kano kimanin kilomita 40 ne, fallaye takwas ke nan a jere.

Ga misali

A ce labarin ya faru ne a zamanin da babu gada a kan kogin Wudil, ranar Juma'a, ranar da kasuwar shanu ke ci. Wani dattijo ya kawo bijiminsa kara zai sayar ya aurar da 'yarsa, bijimin ya tsinke igiya ya ɓace. 'Yan wasa uku suka ɗauki alƙawarin nemo shi kafin magariba. Mai jan labari ya ajiye falle ɗaya tak, na cikin kara, ya kuma ajiye tsakuwa goma a gefe. Duk sanda aka buɗe sabon falle zai ɗauke tsakuwa ɗaya, idan suka ƙare rana ta faɗi.

Ɗan masunci ya ce zai duba sawu. An yarda cewa neman sawu a cikin kara, inda ɗaruruwan shanu suka taka, abu ne mai wuya, don haka sai ya samu biyar ko shida. Ya jefa, biyu ta fito, sawun ya ɓace masa. Mai tallan fura ta ce ita tambaya za ta yi, ta tura marfinta gida uku zuwa rumfar wani dillali.

"Baba, sannu da kasuwa. Don Allah ko ka ga wani jan bijimi mai karyayyen ƙaho ya wuce?"

Mai jan labari ya sauya murya ya ce, "Yawwa 'yata, sannunki. Na ga wani ya yi wajen mashaya da guntuwar igiya a wuyansa, amma ban ce shi ne ba."

Yanzu zaɓi ya rage gare su. Su bi maganar dillali su yi wajen kogi, ko su rabu biyu, wasu su duba gonakin bayan kasuwa? Rabuwa tana cin tsakuwa biyu a lokaci ɗaya. Suka zaɓi kogi. Mai jan labari ya ajiye fallen hanya, sannan na mashaya, sai ga mai fito da kwalekwalensa a wancan ƙetaren, ga kuma sawun kofato ya shiga ruwa. Tsakuwa takwas suka rage, ba su da kuɗin fito, kuma a cikinsu ɗan masunci ne kaɗai ya iya ruwa. Daga nan kuma sai abin da suka yanke.

A lura cewa babu faɗa ko ɗaya a wannan labarin, amma kowa zai matso kusa da tabarma ya ga fallen da za a juyo.

Abin da ke shiga kai ba a sani ba

Wanda ya yi fallaye da hannunsa ya riga ya yi rabin darasin karatun taswira na labarin ƙasa, wanda ke fitowa a jarrabawar WAEC da NECO. Idan aka ce ma'aunin taswira 1:50,000 ne, ana nufin santimita ɗaya a takarda santimita 50,000 ce a ƙasa, wato mita 500, santimita biyu kuma kilomita ɗaya. Lissafi ɗaya ne da na gidan falle da ya zama mita ɗaya da rabi. Haka nan dole ka tsai da inda arewa take kafin ka ajiye falle na farko, dole kuma ka ware alamar da ke nufin rijiya da wadda ke nufin masallaci.

Ɗan ludo ma malamin lissafi ne. Idan ana neman huɗu ko sama da haka, fuska uku cikin shida ne ke ba da nasara, rabi ke nan. Idan biyar ko shida ake nema, ɗaya bisa uku ne. Idan aka jefa biyu tare, hanyoyi 36 ne za su iya faɗuwa, shida daga ciki suna ba da jimillar bakwai, ɗaya tak ke ba da 12. Mai jan labarin da ya san wannan ya san yadda zai auna wuyar kowane aiki ba tare da ya zalunci kowa ba.

Amma babbar ribar a wurinmu ita ce sanin gari. Ba za ka zana kogin Wudil ba sai ka tambayi kanka daga ina ya taho, ina ya nufa. Nan za ka ji cewa ruwan kogin Kano, wanda aka datse a Tiga, da na kogin Challawa ne suka haɗu kafin su iso Wudil, daga nan ruwan ya nufi Haɗeja, ya bi ta Yobe har Tafkin Chadi. Ba za ka zana kara ba sai ka san inda ake sauke shanu, da inda dillalai ke zama, da yadda ake biyan la'ada. Waɗannan ba a littafin aji suke ba, a bakin iyaye da kakanni da masu sana'ar suke, kuma da ɗan gari a kan ci gari. Dattijon da ka gaishe shi da ladabi ka tambaye shi yadda ake haye kogi a da, zai ba ka labarin da ya ishe ku wasan wata guda.

Idan an ƙware a Wudil, sai a faɗaɗa. Za a iya yin fallayen birnin Kano na da, da ganuwa, da Ƙofar Mata da marinarta, da Dutsen Dala, da Kasuwar Kurmi wadda ake danganta kafa ta ga Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Ko kuma a bi ayarin fatake zuwa Gwanja sayen goro, wani ya zama madugu, wani jagaba, kowane zango falle guda.

Inda za a yi hattara

Wasu iyaye da malamai ba sa son ganin ɗan ludo a hannun yaro, saboda kusancinsa da caca, kuma damuwarsu abin girmamawa ce. Dokarmu ita ce ba a sa ko sisi a wannan wasa, ba a kuma cin komai na kowa. Idan a gidanku ba a yarda da ɗan ludo ba, ku rubuta ɗaya zuwa shida a ƙananan takardu, ku naɗe, ku zuba a hula a riƙa zara. Lissafin bai sauya ba. Ya kuma fi kyau a yi wasan a fili, a zaure ko tsakar gida, inda babba zai iya leƙowa ya ga abin da ake yi. 'Yan mata ma suna iya kafa nasu zaman da ƙawaye ko 'yan'uwa a cikin gida.

Lokaci shi ne abu na biyu. Wasan yana da janye hankali, don haka a yanka masa iyaka tun farko. Awa ɗaya da rabi ya isa, bayan an gama aikin gida da na makaranta, kuma da an kira salla a tashi. Fallaye ba sa gudu, a rubuta lambobinsu yadda suke a jere, mako mai zuwa a ci gaba daga inda aka tsaya. Lokacin jarrabawa kuwa a ɗaure su da roba a ajiye.

Tunda garinmu muke zanawa, kada a saka mutumin da ake da shi da gaske a cikin labari a mai da shi ɓarawo ko abin dariya. A ƙirƙiri suna, a ƙirƙiri hali. Sannan mai jan labari ya tuna cewa falle ba ya magana. Shi ne zai faɗi ƙurar kara, da kukan shanu, da sanyin ruwan mashaya. Idan 'yan wasa suka zaɓi hanyar da bai yi wa falle ba, kada ya hana su, ya ɗauko farar takarda ya zana nan take.

Hutun da ke tafe dama ce. Ku nemi kwali ɗaya, ku haɗu ku huɗu ko biyar, kowa ya ɗauki fallaye uku ya zana. Ku fara da layinku: ƙofar gidanku, rijiya ko famfon unguwa, mai shayi na kan kwana, hanyar da kuke bi zuwa makaranta. Idan kun jera su kuka ga wani gefe ya rage babu komai, to ga aikin gobe nan, ku je ku dubo abin da ke wurin.